Waƙa A Bakin Mai Ita: Mawaƙan Makka Na Dā Da Gardamar Asalin Waƙa

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Karin maganar nan gaskiya ce, sai dai ta bar tambaya guda ba ta amsa ba, watau wane ne mai ita? Shin wanda ya tsara baitocin ne, ko wanda ya sa musu karin murya, ko kuwa wanda ya rera ta har ta shiga kunnen jama'a? Sau da yawa akan tarar mutum uku ne dabam-dabam, wani lokaci ma ba su taɓa sa juna a ido ba. Shi kuwa mai sauraro murya yake ji, saboda haka sunan mai muryar yake riƙewa, a manta da sauran biyun.

Masu sha'awar kiɗan karkarar Amurka, wanda ake kira kantiri, sun san wannan gardama sarai. Kiɗa ne da ya daɗe da samun karɓuwa a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, inda sunayen Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton ba baƙi ba ne a gidajen rediyo. Ita Dolly Parton ɗin ta tsara wata waƙa mai suna "I Will Always Love You" cikin shekarar 1973, ta fitar da ita a faifai cikin 1974. Da Whitney Houston ta sake rera ta cikin 1992, sai waƙar ta game duniya, har ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka ta Whitney ce tun asali.

Amma gardamar ta girmi faifai da rediyo nesa ba kusa ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce an yi ta a kan waƙoƙin mawaƙan birnin Makka, kuma hanyar da masanan wancan zamani suka bi suka tsare sunan kowa tana da abin koyi har gobe.

Makka A Zamanin Banu Umayya

Bayan da mulkin daular Musulunci ya koma Dimashƙa a hannun Banu Umayya cikin shekarar 661, manyan gidajen Ƙuraishawa da suka zauna a Makka da Madina sun sami dukiya mai yawa, ga kuma barori da 'yantattun bayi daga Farisa da Rum da Habasha. Malamai tun wancan lokaci sun yi saɓani game da hukuncin kiɗa da waƙa, har ma wasu gwamnoni sun hana. Duk da haka, littattafan tarihi sun tabbatar da cewa a biranen nan biyu ne aka aza harsashin fasahar waƙar Larabawa ta birni.

Mutumin da ake dangana farkon al'amarin gare shi a Makka shi ne Sa'idu Ibnu Misjah, wani baƙar fata, 'yantaccen bawa. Cikin shekarar 683 gobara ta taɓa Ka'aba a lokacin yaƙi, sai Abdullahi ɗan Zubairu ya sa aka sake gina ta, aka kawo magina daga Farisa. An ruwaito cewa Ibnu Misjah ya ji maginan nan suna waƙa da harshensu a bakin aiki, sai ya ɗauki karin muryar ya ɗora masa baitocin Larabci. Daga baya ya tafi Sham da Farisa ya ƙaro sani, ya zaɓi abin da ya dace da kunnen Larabawa, ya bar wanda bai dace ba. Ashe ke nan tun daga tushe akwai aro a cikin sana'ar. Masu tarihi ba su ɓoye aron ba, sun faɗi inda aka samo shi. Sunayen maginan ne kawai ba wanda ya rubuta.

Almajiran Ibnu Misjah su ne suka ɗaukaka sunan Makka a wannan fage: Ibnu Suraij, da Ibnu Muhriz, da Garid. Galibinsu ba su tsara baiti da kansu ba. Sukan ɗauki baitocin sha'irai irin su Umaru ɗan Abi Rabi'a, Baƙuraishen Makka wanda ya shahara da waƙoƙin soyayya, su sa musu kari, su rera da rakiyar udu, wani irin molo mai tsirkiya huɗu. Da yake Makka mahaɗa ce ta mahajjata da fatake, waƙar da aka ji a nan bana, baɗi tana Sham da Iraƙi a bakin wanda mai ita bai taɓa jin labarinsa ba.

Labarin Ibnu Muhriz ya isa misali. Mutum ne gwani ƙwarai, amma kuturta ta kama shi, saboda haka ba ya yawan shiga jama'a, ba ya kuma zuwa fadar sarakuna kamar takwarorinsa. An ce yawancin waƙoƙinsa wata kuyanga ce ta wani abokinsa a Makka ta koya daga bakinsa, jama'a kuwa suka koya daga bakinta. Masu ruwaya sun ce wannan kaɗaici ya dusashe sunansa a zamaninsa. Ita ma kuyangar, wadda ta zama gadar da waƙoƙin suka bi suka fita duniya, an san ta da aikinta ne kawai.

Shi kuma Garid, a wurin Ibnu Suraij ya goge. Da malamin ya ga yaron na neman shan gabansa a irin nasa salon, sai kishi ya kama shi, ya kore shi. Garid ya koma ya ƙware a waƙoƙin makoki, ya yi suna na kansa. Tsoron da Ibnu Suraij ya ji shi ne tsoron kowane mai waƙa: kada wata murya da ta fi tasa zaƙi ta ɗauke masa abinsa.

Gardamar Bagadaza

Da mulki ya koma hannun Abbasiyawa, sai fasahar Hijaz ta yi ƙaura zuwa Bagadaza. Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya umarci manyan mawaƙan fadarsa uku su zaɓo masa waƙa 100 mafi kyau. Su ne Ibrahim al-Mausili, da Ibnu Jami'i, da Fulaihu, na biyu da na ukun nan kuwa mutanen Makka ne. Daga cikin ɗarin aka tace goma, daga goman aka tace uku. Bisa ruwayar da aka fi amincewa da ita, ukun nan su ne karin Ma'abadu na Madina a kan baitocin Abu Ƙaɗifa, da karin Ibnu Suraij a kan baitocin Umaru ɗan Abi Rabi'a, da karin Ibnu Muhriz a kan baitocin Nusaibu, wani sha'iri baƙar fata. Abin lura a nan shi ne, dukkan mutanen nan sun daɗe da rasuwa, waɗansu ne dabam ke rera waƙoƙin a gaban halifa suna karɓar kyauta, amma da aka zo lissafi sai aka kira kowace waƙa da sunan sha'irinta da na wanda ya sa mata kari.

To, sai wata tambaya ta taso: wanda ya gaji waƙa, yana da ikon sāke ta? A kan wannan ne mawaƙan Bagadaza suka rabu gida biyu. Is'haƙa, ɗan Ibrahim al-Mausili, wanda ya rasu cikin 850, ya tsaya a kan cewa tilas a rera waƙar magabata yadda suka sa ta, ba ragi ba ƙari, domin amana ce. Abokin hamayyarsa shi ne Ibrahim ɗan Mahadi, ƙanen Haruna Rashid, mai murya irin wadda ba a cika samu ba. Shi kam yakan rage abin da ya yi masa wuya, ya ƙawata inda ya ga dama, in an yi masa magana ya nuna shi jinin sarauta ne, yadda ransa ke so haka zai rera.

Kowane ɓangare yana da hujja. Waƙar da ba a taɓa ta ba takan tsufa ta fita daga ran matasa. Amma kuma idan aka sāke ta, aka ci gaba da kiran ta da sunan Ibnu Suraij, an jingina masa abin da bai yi ba, idan kuwa aka cire sunansa, an ci haƙƙinsa. Salon Ibrahim ne ya fi samun mabiya. Almajiri ya koyi waƙar da aka riga aka sāke, shi ma ya ƙara nasa, ya miƙa wa na bayansa, har masana na ƙarni na goma suka riƙa kukan cewa da wuya a sami mai rera tsohuwar waƙa a kan asalinta.

Littattafan Da Suka Tsare Sunaye

Rubutu ma bai tsira daga ruɗani ba. Wani dattijon mawaƙi mai suna Yahaya al-Makki, watau Bamakke, ya wallafa babban littafi na waƙoƙi da masu su, amma masu ruwaya suka yi watsi da shi saboda yawan cakuɗa sunaye da ke ciki. Ɗansa Ahmadu ne ya zauna ya gyara ɓarnar uban, ya mayar da kowace waƙa ga mai ita, cikin littafin da ya ƙunshi waƙa wajen 3,000. Haka kuma wani littafi ya yi ta yawo a kasuwa da sunan Is'haƙa al-Mausili, alhali ɗansa Hammadu ya ce mahaifinsa bai rubuta shi ba. Wani mai kwafar littattafai ne a Bagadaza, ana ce masa Sindi, ya harhaɗa shi ya laƙa masa sunan da zai jawo masu saye.

Irin wannan ruɗani na cikin dalilan da suka sa Abul Faraji al-Isfahani, wanda aka haifa cikin 897, ya tashi ya wallafa Kitabul Agani, watau Littafin Waƙoƙi. An ce shekara 50 ya yi yana aikinsa, kuma da aka buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira cikin 1868, juzu'i 20 ya cika. A kan waƙoƙin nan 100 na Haruna Rashid ya gina shi, bisa gyaran da Is'haƙa ya yi wa jerin a zamanin Halifa Wasiƙu.

Tsarin da ya bi shi ne abin sha'awa. Idan ya kawo baitocin waƙa, sai ya faɗi sha'irin da ya tsara su, sa'an nan wanda ya sa musu kari, sa'an nan irin bugun da ke tafiya da ita, mai nauyi ne ko mai sauƙi, har da yatsan da ake danne tsirkiyar udu da shi. Bayan wannan sai ya faɗi wanda ya ji bayanin daga gare shi. Idan mawaƙa uku ko huɗu sun sa wa baiti ɗaya kari dabam-dabam, yakan jera su duka, kowa da nasa. Idan masana sun yi saɓani, yakan kawo maganar kowa, wani lokaci ya nuna wadda ta fi ƙarfi, ko ya bayyana cewa an jingina wa wane wannan kari ne kawai, ba nasa ba ne. Duk wanda ya yi karatun zaure zai gane hanyar nan, domin ita ce ta isnadi, watau salsalar masu ruwaya, wadda malaman Musulunci suka saba bi wajen tantance labari. Isfahani ya ɗauki waƙa a kan abin da ya cancanci a bi salsalarsa.

Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba a ƙasashen Larabawa. Gidajen rediyo da masu buga faifai sun saba da ambaton abu uku: kalmomin wane, karin wane, muryar wane. Talal Maddah, wanda aka haifa a Makka cikin 1940, ya kuma rasu cikin 2000 yana tsakiyar waƙa a gaban jama'a a birnin Abha, yana da wata shahararriyar waƙa mai suna "Maƙadir". Daga baya Warda, mawaƙiyar nan 'yar asalin Aljeriya, ta sake rera ta, ta kai ta kunnen wasu masu sauraro. Duk da haka sunan Yarima Muhammad al-Abdullah al-Faisal da ya tsara baitocin, da na Siraj Umar da ya sa karin, suna tafe tare da waƙar.

Yadda Abin Yake A Kiɗan Kantiri

A Amurka doka ce ta shiga tsakani, kuma ta fuskar kuɗi ta shiga. Dokar haƙƙin mallaka ta 1909 ta ce da zarar mai waƙa ya yarda an buga ta a faifai sau ɗaya, kowa na iya sake rera ta ya buga nasa ba tare da neman izini ba, muddin zai biya la'adar da doka ta yanka. Santi 2 ne a kan kowane faifai, kuma haka ya zauna har 1978. Dokar 1976 da ta maye gurbinta ta yarda mai sake rerawa ya daidaita waƙar da salonsa, amma ta hana shi sauya ainihin karinta. Da Is'haƙa al-Mausili zai ji wannan sharaɗi, da ya yi murna.

Saboda wannan tsari, sake rera waƙar wani ya zama ruwan dare a kiɗan kantiri. Sunan mawallafi yakan fito da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan waƙa a jikin faifai, inda ba kowa ke dubawa ba. "Crazy", wadda duniya ta sani da muryar Patsy Cline tun 1961, Willie Nelson ne ya tsara ta. Shi Nelson ɗin, sa'ad da yake cikin talauci, ya taɓa sayar da wata waƙarsa mai suna "Family Bible" ɗungum a kan 'yan daloli kaɗan, ta fito cikin 1960 da muryar Claude Gray, sunayen waɗansu ne a jikin faifan, babu nasa.

Tun farkon sana'ar ma akwai irin wannan. Iyalin Carter, waɗanda Ralph Peer ya fara ɗaukar muryarsu a garin Bristol cikin 1927, suna cikin iyayen kiɗan kantiri. A. P. Carter yakan bi ƙauyukan kan duwatsu yana tattara tsofaffin waƙoƙi, sau da yawa tare da wani baƙar fata makaɗin gita mai suna Lesley Riddle. Carter na rubuta kalmomin, Riddle na haddace karin. Da yawa daga waƙoƙin an yi musu rajista da sunan Carter. Sai cikin 1965 mai bincike Mike Seeger ya nemo Riddle, aka fara ba shi matsayinsa a tarihi. Ƙauyawan da aka ji waƙoƙin a bakinsu kuwa, sun bi sahun maginan Farisa.

Dolly Parton ta tsira ne domin ta san darajar abin hannunta. Ta sha ba da labarin cewa Elvis Presley ya so ya rera waƙar nan tata, amma manajansa, Kanar Tom Parker, ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallakarta. Ta ƙi, ko da yake abin ya yi mata ciwo. Da Whitney Houston ta rera ta bayan shekaru, la'adar mawallafi gaba ɗaya wurin mai ita ta koma.

Dokar ƙasa da ƙasa ta bambanta kuɗi da suna. Yarjejeniyar Berne ta 1886, bisa gyaran da aka yi mata a birnin Rum cikin 1928, ta ce ko mawallafi ya sayar da amfanin aikinsa, yana da haƙƙin a ambace shi a kan shi ne mai shi. Amurka ta shiga yarjejeniyar cikin 1989, Nijeriya cikin 1993, Saudiyya kuma cikin 2004.

A Ƙasar Hausa

Malaman ƙasar Hausa suna da tasu dabara, wadda ta yi kama da ta Isfahani. Marubucin waƙa yakan saka sunansa, wani lokaci da na garinsa da shekarar da ya gama cikin ramzi, a baitocin ƙarshe, yadda duk wanda ya haddace waƙar ya haddace mai ita. Akwai kuma tahamisi, inda na baya ke ƙara layi uku a kan kowane baiti na magabaci ba tare da ya taɓa na asalin ba. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zinder ta Alfazazi ce, tare da tahamisin Ibnu Mahibu. "Tabbat Haƙiƙa" kuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, kuma dukkansu uku an san rabon kowa.

Inda babu rubutu a nan gizo ke saƙa. Ko "Imfiraji" ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda aka buga a littafi, mutane da yawa a bakin makafi masu bara suka fara jin ta, ba tare da sun san mai ita ba. Waƙoƙin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da na Mamman Shata wanda ya rasu cikin 1999, matasa sukan sake rera su da kayan kiɗan zamani. Masu bandiri a Kano kuma sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya sun ɗora masa baitocin yabo, kamar dai yadda Ibnu Misjah ya yi da karin Farisa. Aro ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa sabuwar murya ce ke raya tsohuwar waƙa. Laifin yana wajen ɓoye tushe, domin iyalan mai waƙa su rasa la'ada, shi kuma ya rasa suna. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988, da sabuwar da aka sa wa hannu cikin 2023, duk sun amince da haƙƙin mawallafi na a ambace shi, sai dai doka ba ta bin waƙa daga waya zuwa waya.

Akwai abin mamaki a ƙarshen labarin mawaƙan Makka. A zamaninsu babu faifai, kuma rubuta karin waƙa da alamomi bai zama al'ada ba. Saboda haka duk ƙoƙarin Is'haƙa bai hana karin ɓacewa ba, yau babu mai iya rera waƙar Ibnu Muhriz ko ta Garid yadda suka rera ta. Baitocin da sunayen kuwa suna nan daram, bayan shekara 1,300, domin wani ya zauna ya rubuta. A wannan zamani al'amarin ya juya: murya ba ta ɓacewa, ana iya jin Narambaɗa da iyalin Carter kamar suna raye, amma waƙa takan yi yawo a intanet da wayoyin hannu babu sunan kowa a jikinta. Abin da zai cike giɓin bai fi ƙarfin kowa ba. Mai gabatar da shiri a rediyo, da mai buga waƙa a situdiyo, da mawaƙin da ya ɗauko ta wani a gidan biki, kowannensu na iya faɗin wanda ya tsara, da wanda ya sa kari, da wanda ya fara rerawa, kafin a buga gangar farko.